Ashirin Ɗin Farko Na Mai Mota Ne

Masu kula da wannan zaure sun ce makon nan namu ne, mun gode da karamci. Mu biyu ne muka haɗa wannan rubutu, wa da ƙane, haifaffun Boɗinga a jihar Sakkwato. Mun san wasu za su ga batun lissafi su ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi mana haƙuri ku karanta, domin mu ma gudun lissafi ne ya kawo mu adabi. Tun muna ƙaramar sakandare, ranar da malami ya fara rubuta harafin x a allo ya ce a nemo shi, muka ja da baya. Muka riƙa faɗa da alfahari cewa mu masu harshe ne, lamba ba tamu ba ce. Labarin da za mu ba ku shi ne ya sa muka daina wannan alfahari.

Muna da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a Shagari. Wanda bai san yankin ba, idan ka bar Sakkwato ka kama hanyar Jega, Boɗinga za ka fara tararwa, sannan Shagari, kafin ka kai Tambuwal. Mijin Goggo ya rasu da daɗewa, ’ya’yanta duk suna gidajen aurensu. Shi ya sa tun da aka yaye autarmu Baba ya ba ta riƙonta. Auta muke ce mata, a hannun Goggo ta tashi, a Shagari take makaranta. Sana’ar Goggo ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Man a gida take sayarwa, ƙulin kuwa ta ƙulla shi a leda, duk Asabar ita da Auta su hau mota su kawo Boɗinga. Su zauna bakin hanya kusa da tasha, abin da ya rage Auta ta shiga da shi gidaje. Da la’asar su biyo gidanmu, Goggo ta gaisa da yayanta, su sha fura, su koma. Idon Goggo ya fara rauni, saboda haka Auta ce mai riƙe jaka: ita ke karɓar kuɗi, ita ke ba da canji, ita ke biyan mai mota.

Ƙulli 25 suke ɗaukowa kowane mako. Goggo ba ta yi boko ba, amma ta san sana’arta ciki da bai. Ta san idan ta cire kuɗin gyaɗa da niƙa da itace da leda, kowane ƙulli yana bar mata naira 100. Ta kuma san cewa in sun koma gida da daddare Auta ta zazzage jaka, bayan an ware uwar kuɗi, naira 1,500 ke saura. Da ita take zubin adashi, da ita take cefane.

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Cikin ’yan kwanaki litar da hukuma ke sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kowa a zauren nan ya san abin da ya biyo baya a tashoshin mota. Kujerar da su Goggo ke biya 200 daga Shagari zuwa Boɗinga ta koma 400. Goggo ta ji, ta yi tsaki, ta ci gaba da harkarta. Amma sai ta ga Asabar ta farko jaka ta ba da 500 maimakon 1,500. Ta biyu ma haka. Ta uku ma haka. Ƙuli yana ƙarewa kamar yadda ya saba, farashinsa bai sauka ba, amma dubu guda tana ɓata duk mako.

A cikin hutun ƙarshen shekarar karatu, wata Asabar, Goggo ta shigo gidanmu fuska ba walwala. Ta sa Auta ta fita waje, ta zauna gaban Baba. Muna ɗaki muna ji.

“Yaya, ɗiyarka nika son maido maka,” in ji ta. “Ban iyawa.”

Baba ya ce, “Subhanallahi. Mi tay yi?”

“Kuɗɗina ka ɓacewa. Ɗari biyu anka ƙara ga kuɗɗin mota, ba dubu ba. To ina sauran shika zuwa? Mu biyu muka tahiya, kuma ni ban sace ma kaina.”

Ta ƙara da cewa wata maƙwabciya ta ga Auta da sabon ɗan kunne. Baba ya yi shiru mai tsawo. Inna ta tashi ta shige madafa, saboda kara ba za ta sa baki a maganar ’yarta ba, amma mun ga idonta. Za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi: mu ma zuciyarmu ta ɗan karkata. Yarinya ’yar shekara 13, ga jaka a hannu, ga ƙawaye. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to mun ɗauki rabonmu na wannan zunubi. Aka tsayar da cewa Auta ta zauna Boɗinga har hutu ya ƙare, a ga abin da hali zai yi. Kowa ya san abin da hakan ke nufi. Idan ta zauna ke nan, sunan ɓarauniya ya bi ta har ɗakin aurenta, kuma tsakanin Baba da ƙanwarsa an sami tabon da ba ya gogewa.

Auta ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta dai ce ɗan kunnen kyauta ce daga ’yar Goggo, ta ja bakinta ta yi shiru. Kwana biyu ba ta cin abincin kirki. Don mu ɗauke mata hankali sai muka ce ta kawo takardar sakamakonta. Ta gama aji biyu na ƙaramar sakandare, za ta shiga aji uku, shekarar jarrabawar fita. Hausa da addini ta yi kyau. Lissafi kuwa jan biro. Muka buɗe littafinta muka ga inda gizo ke saƙa: babin da ake ba yaro ɗan labari da Turanci, a ce ya mayar da shi x da lambobi, sannan ya nemo x. Duk shafukan babu inda ta ci ko ɗaya.

Mu da muka ce za mu koya mata, sai da muka raba dare muna bitar littafin yarinya ’yar aji biyu, muna jin kunyar juna. Da safe muka karanta mata tambaya ta farko kamar yadda take a littafi. Ta zuba mana ido. Muka sake karantawa. Ta ce, “Yaya, ni ban san abin da suka so ba.” Wannan ita ce yarinyar da ke ba mutum biyar canji a lokaci guda a bakin tasha ba ta kuskure ko naira goma. Sai ƙaramin cikinmu ya rufe littafin ya ce bari mu bar nasu mu yi namu. Ba da niyyar bincike ya yi ba, misalin da ya fi kusa ne kawai ya zo masa. Ya ce, “Auta, ranar Asabar nawa kuke kashewa kafin ku koma gida?”

Ta lissafa da yatsu. Mutum biyu, zuwa da komowa, kujera huɗu ke nan, 400 sau huɗu, 1,600. Kuɗin kaya 200. Kuɗin wurin zama da ruwan sha 200. Dubu biyu cif.

“To ƙulli nawa za ku sayar kafin ku fara cin riba?”

Ko numfashi ba ta ja ba. “Ashirin. Ashirin ɗin farko na mai mota ne. Biyar ne namu.”

Muka dubi juna. Muka ce da can fa? Ta ce da can kujera 200 ce, huɗu 800, kaya 100, wuri da ruwa 100, dubu ɗaya, wato goma na mai mota, goma sha biyar nasu. Ga dubun da ta ɓata nan a fili. Ƙarin naira 200 da Goggo ke faɗa gaskiya ne, amma sau huɗu ake biyansa, ga 800; kuɗin kaya ya ƙaru da 100, wuri da ruwa da 100. Goggo ta ji ƙarin a kunne sau ɗaya, jaka kuwa tana biyansa sau huɗu. Muka tambayi Auta me ya hana ta faɗa. Ta ce ta fara faɗa, Goggo ta ce za ta koya mata lissafin sana’arta ne? Sai ta yi shiru.

A nan ne muka ɗauki biro muka rubuta mata abin da ta faɗa da bakinta:

100x = 2,000

Muka ce x ɗin nan da kike tsoro, ba kowa ba ne illa “ƙulli nawa”. Ɗari sau ƙulli nawa zai ba da dubu biyu? Ta ce ashirin. Muka ce to kin gama, abin da littafin ke so ke nan. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, “Shi ke nan?” Akwai ɗan fushi a muryarta, fushin wanda aka daɗe ana razana shi da dodo, ya ɗaga zane ya tarar da ƙanensa ne a ciki.

Wannan shi ne reshe mafi sauƙi na ilimin da ake kira aljabara, kuma tushensa abu biyu ne da kowane mai sana’a ya sani. Akwai kuɗin da ba ya motsi, ko ka sayar ko ba ka sayar ba sai ka biya shi, kamar kuɗin motar su Goggo. Akwai kuma kuɗin da ke tafiya da yawan kaya, kowane ƙulli ya ƙara naira 100, ba ƙari ba ragi. Saboda kowane ƙulli ƙarin da yake yi iri ɗaya ne, idan ka zana ribar a takarda za ta ba ka layi miƙaƙƙe, shi ya sa ake ce wa irin wannan lissafi mai miƙaƙƙen layi. Ribar Goggo a taƙaice ita ce 100x − 2,000. Sa 25 a gurbin x ka sami 500. Sa 20 ka sami babu. Sa 15 ka ga ta ci uwar kuɗi da 500. Alamar daidai da ke tsakiya kuwa sikeli ce irin ta mai sayar da nama: abin da ka ɗora a wannan hannu sai ka ɗora a wancan, abin da ka cire nan sai ka cire can.

Da ka gane wannan, sai ka riƙa ganinsa ko’ina. A ce ɗan kabu-kabu yana kai wa mai babur balas ɗin naira 2,400 kullum, kuma kowane fasinja yana bar masa 150 bayan mai. Fasinja 16 na farko na mai babur ne, daga na 17 yake fara yi wa kansa aiki. Haka mai cajin waya da janaretansa, haka manomin albasa da ya yi hayar injin ban ruwa, haka mai shayi da ke biyan kuɗin rumfa. Dukkansu suna warware wannan lissafi kullum, ba su taɓa kiransa da suna ba.

Saura yadda za a sanar da Goggo. Yaro ba ya gyara wa babba magana kai tsaye, balle a kan sana’arsa, kuma takarda mai x ba za ta yi mata amfani ba. Auta ce da kanta ta kawo dabara. Asabar ta gaba Goggo ta zo ita kaɗai da wata yarinyar maƙwabta, ta biyo gidanmu kafin ta fita bakin hanya. Muka roƙi arzikin ta ba mu kayan minti biyar. Auta ta shimfiɗa tabarma ta zube ƙulli 25. Ta ɗauki huɗu ta ajiye gefe ta ce, “Goggo, wanga kujerarki ta zuwa.” Huɗu kuma, “Wanga tawa.” Huɗu, huɗu, na komawa. Biyu na kaya. Biyu na wuri da ruwa. Tsibi ya taru a hannun dama, ƙulli ashirin. A hagu biyar suka rage kamar marayu.

Goggo ta matso ta sa hannu ta ƙirga da kanta, sau biyu. Tsakar gida ta yi tsit. Can ta ce, “Ashe mota nika yi ma bauta.” Ba ta ce wa Auta ta yi haƙuri ba, kun san manyanmu. Ta dai dube ta ta ce, “Tashi ki ɗauko mayahinki, rana na yi.” Auta ta tashi da gudu. Da yamma da za su koma, muka ga Goggo ta kwance bakin zane ta saya mata tsire. Inna ta raka su har ƙofar gida, abin da ba ta saba yi ba.

Da hankali ya kwanta sai tambaya ta biyu ta taso: yaya za a yi ribar ta dawo? Matar babban yayanmu ta ce idan Goggo ta yarda, a riƙa ba direba saƙon ƙulin ya kawo, ita ta sayar a ba ta la’adar naira 20 a kowane ƙulli. Wani direba da aka saba da shi ya ce 700 zai karɓa, ya kai kaya ya dawo da kuɗi. Yanzu hanya ta zama biyu. In Goggo ta zo da kanta, 100x − 2,000. In ta aiko, 80x − 700. Muka ba Auta ta nemo inda biyun suke haɗuwa:

100x − 2,000 = 80x − 700

Ta ƙara dubu biyu a kowane hannu don ta cike giɓin hagu, ya zama 100x = 80x + 1,300. Ta cire 80x daga kowane hannu, ya zama 20x = 1,300. Ta raba, x ya ba da 65. Ma’ana, sai kayan sun haura ƙulli 65 ne zuwa da kai zai fi aike riba. A ƙulli 25 da Goggo ke yi, aike zai ba ta 1,300, zuwa da kai 500. Wannan tambaya ta fi duk waɗanda ke cikin babin da ta faɗi wuya, kuma ta yi ta ba tare da mun sa mata hannu ba.

Matakai biyun nan da Auta ta bi suna da sunaye, kuma sunayen ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma’amun, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta littafin da kalmar aljabara ta samo asali daga sunansa, littafin jabru da muƙabala. Jabru a Larabci shi ne gyara abin da ya karye, har ɗorin ƙashi ana kiransa haka. A lissafi shi ne cike abin da aka tauye a hannu ɗaya ta hanyar ƙara shi a hannu biyun. Muƙabala kuwa mun san ta, a tsayar da biyu gaba da gaba. A lissafi ita ce soke abin da ya yi kama a hannayen biyu. Ɗori da muƙabala ke nan. Abin da ya fi jan hankalinmu a matsayin marubuta shi ne, a littafin nan babu x ko ɗaya, babu alamar daidai. Da jimloli ya rubuta komai, abin da ake nema kuma yakan kira shi “abu”. Alamar daidai sai a 1557 wani Bature mai suna Robert Recorde ya fito da ita, amfani da x a madadin abin da ba a sani ba kuma ya yaɗu ne daga littafin René Descartes na 1637. Wato shekaru ɗaruruwa wannan ilimi yana tafiya da ƙafar harshe kafin a yi masa takalmin alama. Kuma littafin na Bagadaza yana da babi a kan ciniki, babban kasonsa kuma a kan wasiyya da rabon gado yake, irin lissafin da malaman zaure ke yi a ƙasarmu har gobe. A ƙasar da Shehu Usmanu ya zauna Sifawa yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna nan Boɗinga, bai kamata a ce yaro yana ɗaukar aljabara kayan baƙi ba.

Mun yi ta tunanin me ya kayar da Auta a makaranta. Ba mu ɗora wa malaminta laifi ba. Mutum ɗaya ne gaban aji cike, ga manhaja tana kora shi, ga jarrabawa da Turanci za a yi ta. Abin da muka gani shi ne, ana neman yarinyar ta yi tsalle biyu a lokaci guda: daga Turanci zuwa ma’ana, daga ma’ana zuwa alama. A tsalle na farko take faɗuwa, sai a rubuta mata cewa ba ta iya lissafi ba, ita ma ta yarda. Mu ma haka aka yi mana, muka yarda, har muka mayar da abin kirari. Da muka cire mata tsalle na farko, na biyun bai ɗauke ta mako guda ba. Daga baya da ta koma kan tambayoyin Turancin, sai ta riƙa tambayar kanta abu biyu: wane ne mai mota a nan, wane ne ƙulli? Da ta gano su, sauran aikin hannu ne.

Garin da take zaune ma yana da abin koyi a kan wannan. Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a can a 1925 aka kuma binne shi a can a Disambar 2018, kafin ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983 malamin makaranta ne, ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu, garuruwanta da tarihinta, da harshen da suke mafarki da shi. Malami ne da ya ga darasi yana wahalar da ɗalibai, ya ɗauki alƙalami ya mayar da shi Hausa mai daɗin riƙewa. Wannan aikin marubuci ne, kuma ƙofarsa a buɗe take har yanzu.

Kada mu bar ku da zaton lissafi ya warware komai. Layi miƙaƙƙe a takarda yake. Kasuwa tana da lanƙwasa. Lissafinmu ya ɗauka kowane ƙulli zai bar naira 100, alhali akwai mai neman ragi, akwai gyara, akwai wanda zai karɓa bashi sai wani mako, akwai ƙulin da zai farfashe a mota. Ya kuma nuna ƙulli 65 kamar abu mai sauƙi, alhali masu sayen ƙulin Goggo a Boɗinga ba su kai haka ba. In ta kawo 65 sai ta karya farashi, ɗarin nan ta zama saba’in, layin ya karye. Sannan akwai abin da ba ya shiga x sam. Da muka kai wa Goggo sakamakon cewa aike ya fi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “To in na bar zuwa, yaushe nika ganin Yaya?” Ba mu da amsa. Zumunta a ƙafa take, kuma ba mu san naira nawa za mu rubuta mata ba. A ƙarshe ita ta yanke: mako uku ta aiko, na huɗu ta zo da kanta. Ta san Asabar ɗin zuwan tana rage mata naira 800, ta kuma zaɓi ta biya. Bambancin shi ne yanzu da saninta take biya, ba wanda ake zargi.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu masu burin ganin sunanmu a bangon littafi. Sau nawa a zauren nan wani ya buga littafi da kuɗin aro, bayan shekara kwalaye suna ƙarƙashin gado? A ce buga rubutu da tsara shafi da zanen bango sun ci naira 60,000, wannan shi ne mai motarka, ko kwafi ɗaya za ka buga sai ka biya. A ce kowane kwafi yana cin 400 a maɗaba’a, kana ba mai shago a 700, wato 300 ke shigo maka. 300x = 60,000, x ya zama 200. Kwafi 200 na farko ba naka ba ne. Kuma wannan idan ka buga daidai abin da za ka sayar ke nan. Duk kwafin da ya kwana a kwali, ɗari huɗunsa ta bi ruwa. Kafin ka je maɗaba’a, zauna ka rubuta sunayen mutum 200 da ka tabbata za su sa hannu a aljihu, ban da masu cewa “Allah ya sa albarka” su karɓi kyauta. Idan ba su cika ba, ba a ce kada ka buga ba. Kamar Goggo, kana iya zaɓar ka biya don abin da ya fi kuɗi a wurinka. Amma ka biya ido buɗe, kada gobe ka zargi mai shago ko ka ce Hausawa ba sa karatu.

Roƙonmu ga zaure guda ɗaya ne. Muna da masu iya labarin soyayya, muna da masu iya ban tsoro, muna da mawaƙa. Tambayar lissafi ta ƙaramar sakandare ɗan gajeren labari ce: tana da mutum, tana da buƙata, tana da abin da aka ɓoye sai ƙarshe. Rubuta ta da Hausa mai kyau, da kayan da yaro ke gani a ƙofar gidansu, aiki ne da ya fi ƙarfin masanin lissafi shi kaɗai, yana buƙatar mai harshe. Mu mun fara tara namu, muna gwada su a kan Auta da ƙawayenta, wanda bai shiga kunnensu ba mu yage. Duk mai sha’awa ya rubuta guda ɗaya daga sana’ar gidansu, layi biyar ya isa, ya tabbatar akwai mai mota a ciki akwai ƙulli. Masu ilimin lissafi a cikinmu su duba mana lambobi, masu nahawu su duba mana jimla.

Auta ta koma Shagari tun kafin hutun ya ƙare. Har yanzu ita ke riƙe jaka, sai dai ta ƙara da ɗan littafi da take rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, tana karanta wa Goggo da daddare. Ran nan da suka zo, mun ji Goggo tana gaya wa Inna cewa kuɗin mota ya sake tashi. Kafin Inna ta ce wani abu, Goggo ta juya ta ce, “Auta, yanzu nawa na na mai mota?”

Inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah ya ƙara mana basira baki ɗaya.